Yoyon Taraktar Takawira

Ni dai tunda na fara riƙe sifana ban taɓa ganin injin da ya raina mini hankali kamar na taraktar marigayi Takawira ba. 'Yar ƙaramar aba ce ja, irin wadda ake hawa ana yanke ciyawa, injinta bai fi tukunyar tuƙa sadza, tuwon masararmu, ta gidan biki girma ba. Na kwance injin bas, na kwance na motar katako, na ɗaura su sun tashi lafiya. Duk garinmu na Rusape in aka ce Gwatidzo, an san ana maganar mutumin da in ya sa hannu mai ba ya sake ɗiga. Sai ga wannan 'yar ficiciyar ta tashi zubar mini da mutunci, kuma sai da ta zubar.

Takawira ya rasu ƙarshen damina. Da wannan taraktar yake yanke filin ƙwallon makarantar mishan da harabar coci, da ita gidansa ke cin abinci. Da ciwo ya kwantar da shi, matarsa, da muke kira Mai Chenai wato uwar Chenai, ita ce ta ci gaba da hawa, da hular kabarta, har kowa ya saba ganinta a kai. Amma kayan namiji na danginsa ne, ba a tambayar wanda ya fi hawa. An sa ranar rabon kayan mamaci Asabar, kuma tun ƙasar kabari ba ta bushe ba ƙaninsa Kudzanai ya ce taraktar tasa ce.

Kudzanai a Harare yake zaune, ya gina gida ya shimfiɗa tayil har bakin ƙofa. Ciyawar gidan nasa na gan ta a waya, don babu wanda bai nuna wa ba a wurin makoki. Ba ta kai tabarma biyu ba, akuya ɗaya za ta gama da ita ba ta ƙoshi ba. Amma maƙwabcinsa yana da irin wannan tarakta, to shi ma dole ya yi.

Farkon makon ya zo garejina da farin takalmi, yana tsallake ƙasa kamar za ta cije shi. Ya kira ni Mudhara, wato dattijo.

"Mudhara Gwatidzo, an ce kai ne gwanin garin."

"An ce."

"Taraktar yayana ce. Jiya na tayar da ita, hayaƙi kamar an ƙona taya, ƙasa kuma duk baƙin mai. Ba zan kai ƙazanta ta ɓata mini tayil ba. Ka gyara ta kafin Asabar. In kuma ta mutu ne ka faɗa mini, kada in ɗauki tarkace har Harare."

Na ce masa yoyon mai ba ciwo ba ne a wurina, ya kai ni kawai.

Taraktar na cikin rumfar kwano a bayan gidan, Kudzanai ya sa wa ƙofar sabon kwado, makulli a aljihunsa. Mai Chenai na zaune a bakin kicin cikin baƙaƙen kayan takaba tana gyaran ganye. Na yi mata gaisuwa ta amsa, ba ta ko kalli inda muka nufa ba.

Duk wanda ya san aiki ya san ba a neman yoyo a jikin inji mai datti. Na wanke shi tas, na bar shi ya sha iska, sannan na zaro sandar awon mai. Man ya wuce alama, ya wuce nesa ba kusa ba. Nan take raina ya ɓaci, don na tsani wannan ganganci. Mutane suna tsammanin inji tumbin ɗan biki ne, a yi ta ɗura masa. In mai ya yi yawa ba shi da wurin zama, sai ya bi ta matatar iska ya zubo, ya shiga salansa ya zama hayaƙi.

"Wane mara hankalin ne ya cika ta haka?"

"Ni ban taɓa ba," in ji Kudzanai. "Ƙila Maiguru ce. Mace da inji, me kake tsammani?"

Maiguru yake ce mata don matar yayansa ce, amma yadda yake faɗar kalmar babu girmamawa a ciki ko ta sisin kwabo.

Na rage man ya dawo daidai alama, na wanke matatar iska. Na ga gasket, abin da ke toshe bakin murfin bawul, ya fara jiƙa, na canza shi. Na ƙara ɗaure notin da ake juye mai ta ƙasa. Da na tayar da ita sai ta ɗauka sumul, babu hayaƙi, babu ɗigo. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta muka tsaya, kwali ya fito fes. Na goge hannu na ce masa an gama.

Washegari ina shan shayi wayata ta yi ƙara.

"Kai ne gwanin? Zo ka ga gwanintarka a kan takalmina!"

Na je na tarar da rumfar cike da shuɗin hayaƙi, mai na tsiyaya ta matatar iska. Na zaro sandar awo. Man ya sake wuce alama.

To ga inji yana zubar da mai, man kuma maimakon ya ragu sai ƙaruwa yake yi. Abu ɗaya na sani da ke kawo haka: fetur ya riƙa sulalewa ta kafireto ya gangara cikin mai. Na shinshina sandar, ban ji warin fetur ba. Na murza man a yatsa, kaurinsa na nan. Duk da haka na kwance kafireto, na canza allurarsa, na juye man gaba ɗaya na zuba sabo da hannuna. Na zuƙe fetur ɗin tankin ƙarƙaf don in ga ta inda zai sake bi. Kudzanai na tsaye a kaina yana ba ni shawara, mutumin da na tabbata bai san inda fulogi yake ba.

"A Harare da tuni an sa mata kwamfuta an gano."

"To ɗauke ta ka kai Hararen."

"Da yoyon? Ka dai yi aikinka, Mudhara, ka rage baki."

Na juya masa baya na ci gaba da ɗaure kafireto.

Da gari ya sake wayewa ban jira waya ba, na je da kaina na sa ya buɗe. Tanki babu fetur ko ɗigo, amma man ya sake hawa. Na tsaya ina kallon sandar nan kamar in karya ta. Kudzanai ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce ashe tsufa ba gashi kaɗai take cinyewa ba. Har ya fara cewa ko yayansa ne bai huce ba, ko a kira mai duba. Na ce masa matattu ba sa sayen baƙin mai, ya ba ni wuri.

Akwai dabarar da muke yi in yoyo ya ɓuya. A wanke inji a bushe shi, a barbaɗe shi da farin gari, duk inda mai ya fito zai ja baƙin layi a kai. Na leƙa kicin na roƙi Mai Chenai garin masara. Ta ɗebo mini cikin kwano, ta daɗe tana kallona kafin ta saki kwanon.

"Baba Gwatidzo, kana wahalar da kanka."

"Aikina ne, Mai Chenai. Ba injin da ya taɓa kayar da ni, ba kuma zan fara da wannan ba."

Na rage man, na barbaɗe injin sama da ƙasa. Saboda haushi rabin garin a ƙasa ya zube, ban ko share ba. Na ce wa Kudzanai ya ba ni makullin, gobe ni kaɗai zan shiga, ba na son surutu a kaina.

Da safe na buɗe rumfar. Gasket fari tas, ƙasan inji fari tas, notin juye fari tas. Baƙin layi ɗaya ne kawai, kuma daga sama ya faro, daga bakin murfin da ake zuba mai, ya gangaro. Yoyo ba ya hawa sama, wani ne yake zuba mai. Na sunkuyar da kai, sai ga sawu a cikin garin da na zubar. Sawun silifa ne, ƙarami, ya fito daga bayan rumfar inda wani fallen kwano ya saki kusa da akurkin kaji, ya zo gaban tarakta ya koma.

Ban san lokacin da na isa bakin kicin ba. Tana tuƙa sadza, silifanta a bakin ƙofa, gefensu fari da gari.

"Ke ce!"

Ba ta daina tuƙi ba.

"Ke ce kike mai da ni mahaukaci! Ina kwance kafireto, ina shinshinar mai kamar kare, wancan mai farin takalmin yana zagina, ke kina nan kina gyaran ganye! Me na yi miki? Kin san za ki iya kashe injin nan kuwa?"

"Na san iya abin da zai ɗauka," in ji ta. "Ni nake yi masa juye tun mijina Baba Chenai na kwance. Rage murya, Babamunini na ɗaki."

Kudzanai take nufi, haka ake kiran ƙanin miji. Na rage muryar, amma fushin bai ragu ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa wa wa? Shi ya kawo ka." Ta sauke tukunyar ta juyo. "Riguna su ɗauka, takalma su ɗauka, har gadon su ɗauka in kwana a ƙasa. Riga ba ta ciyar da kowa. Amma makarantar mishan ta ce in ciyawa ta sake tsawo za su ba wani aikin. Chenai na karatun jinya, ƙannenta biyu na gabana. Da me zan riƙe su, da muciya?"

"Ki je kotu mana. Doka na bayanki."

"Kotu ta ba ni tarakta, ta raba 'ya'yana da dangin ubansu. Ranar auren Chenai wa zai zauna a karɓi dukiyarta? Alƙali?" Ta girgiza kai. "Ka san yadda ake yi. In Tete, yayar mijina, ta miƙa masa bai tafa ba, abin ya zauna a gidan. Ba faɗa, ba gaba. Shi da kansa zai ƙi ta, abin da nake nema ke nan."

Na sani mana. Wanda aka miƙa wa kayan mamaci sai ya tafa hannu alamar ya karɓa. In bai tafa ba, an wuce wurin, ba a komawa.

"To ni kuma fa? Sunana fa? In tsaya gaban mutane in ce na kasa gyara injin da yaro zai ɗauka a baro?"

"Ban roƙe ka komai ba, Baba Gwatidzo. Ka gano yoyonka. Je ka faɗa masa."

Ta juya ta ci gaba da kwashe sadza. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ta yi kuka, da ta durƙusa, da na san yadda zan yi da ita. Na koma rumfar na rage man, na mayar da fetur a tanki, na share garin da ƙafa. Kudzanai ya fito yana miƙa ya tambaye ni labari, na ce masa gobe ma rana ce.

Asabar gida ya cika. Maza a kan benci, mata a tabarmi, kayan Takawira a baje a tsakiya: kwat ɗinsa na coci, takalman aiki, rediyo, keke, har reza. Tete Ruvarashe, yayar marigayin, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yayyafa ruwan ganye. Tsohuwa ce mai kaifin ido, ba a yi mata musu. Tana ɗaga abu ta kira suna, mai suna ya tafa ya karɓa.

Ni ina rumfa. A raina na ce ai ta sake zubawa, ni dai in tayar, hayaƙi ya tashi, in ɗaga kafaɗa in yi shiru. Ban yi ƙarya ba, ban kuma tona ba. Na zaro sandar awo don in tabbatar.

Man na daidai kan alama. Ba ta taɓa ba.

Na rantse sai da na zagi iska. Matar nan ta janye hannunta ta bar mini kayan a ka. In na murza makulli yanzu injin zai ɗauka sumul, don ni na gyara shi kuma na iya gyara. Kudzanai zai tafa, a ɗora ta a mota, ta je Harare ta yi tsatsa a kan tabarma biyu na ciyawa.

Aka kira a fito da tarakta. Muka turo ta tsakiyar fili. Kudzanai ya matso da farin wando, yau har da hula.

"To gwani, ta gyaru ko ba ta gyaru ba?"

Na kalli wajen mata. Mai Chenai na zaune kanta a ƙasa, hannuwanta a cinya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Bari in ƙara mata mai tukuna," na ce. "Ta sha da yawa."

Na ɗauko galan na buɗe murfi. Abin da na yi shekaru ina zagin mutane a kansa, shi na yi da hannuna a gaban rabin garin. Ina zubawa ina jin kamar a cikina nake zubawa. Babu wanda ya san bambanci a wurin sai mutum ɗaya, ita kuma ƙasa take kallo.

Na murza makulli. Injin ya yi tari, ya kama, sai hayaƙi ya turnuƙe gidan. Tsofaffi suka hau tari, mata suka ja tabarmi baya. Salansa ta yi wani irin kaki ta fesa baƙin mai, kuma da yake Kudzanai ya matso ya ga kayansa da kyau, wandon nan ne ya tare. Wannan kam ban shirya shi ba, amma ban yi baƙin ciki ba. Na yi maza na kashe kafin injin ya ji ciwo.

"Jikin injin ya tsage ta ciki," na ce da ƙarfi. "Na yi iya yina. Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba!" Kudzanai na kakkaɓe wando yana ƙara shafa baƙin. "Mako guda kana wasa da hankalina! Wannan ne gwanin naku? Mai facin taya ma ya fi shi! Ku mutanen ƙauye, kowa ya riƙe sifana sai ku ce injiniya!"

Kalma ɗaya ce a bakina, in na sake ta na wanke kaina tas. Na cije ta.

Tete Ruvarashe ta dafa kujerar taraktar. "Kudzanai, ɗan'uwana, ga taraktar yayanka."

Ya zura hannuwansa cikin aljihu. "Me zan yi da gawa? Ku ba ni rediyon."

Tete ta dube shi, ta dube ni, ta ɗan daɗe a kaina. Sannan ta juya wajen mata. "Mai Chenai, abin ya zauna a gidanki. Ko kaji sa kwana a kai."

Mai Chenai ta tafa a hankali, irin tafin mata, tafin hannu a kan tafin hannu.

Ba a yi mako biyu ba aka ji ƙarar tarakta a filin makarantar mishan. Babu hayaƙi, babu ɗigo, Mai Chenai a kai da baƙaƙen kaya da hular kaba. Kafin yamma labari ya gama gari: abin da ya gagari Gwatidzo, mai takaba ta gyara shi da sifanar mijinta. Direbobin bas da ke kawo mini aiki suka samu abin yi. Wannan ya leƙo ya ce, "Mudhara, ko in kai wa Mai Chenai ne?" Wancan ya ce in je ta koya mini. Wasu da wasa suke yi, wasu kuwa da gaske suka daina zuwa.

Labarin ya kai Harare. Wata ranar kasuwa sai ga Kudzanai a garejina, direbobi cike da benci suna jiran aiki. Wannan karon bai tsallake ƙasa ba, kai tsaye ya zo gabana.

"Ka ce inji ya tsage. Injin da ya tsage ne yake yanke fili?"

Na ci gaba da goge fulogin da ke hannuna.

"Na je wurin Tete. Ta ce abin da aka ƙi an ƙi, sai dai in an yi ha'inci. Ta ce in ka faɗa da bakinka cewa lafiyar injin ƙalau ranar nan, za ta sake zama." Ya ɗaga murya don benci ya ji. "To ɗaya cikin biyu ne, Mudhara. Ko dai kun haɗa baki da Maiguru kun cuce ni, ko kuwa ba ka iya aikinka ba. Wanne ne?"

Ubana ne ya kafa wurin nan, a nan na koyi aiki, a nan gashina ya yi fari. Na ajiye fulogin don kada in jefe shi da shi.

"Ban iya aiki ba," na ce.

"Ban ji ba."

"Na ce ban iya ba! Na duba na ga tsaga, ashe babu. Idona ne ya mutu. Ka ji yanzu, ko in hau kan rufi in faɗa?"

Wani a benci ya fashe da dariya, sauran suka bi. Kudzanai ya tofar da yawu ya shiga motarsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Har yau ni da Mai Chenai ba mu taɓa tayar da maganar ba. In mun haɗu a coci ta gaishe ni in amsa, shi ke nan. Kuma kada wani ya ce na huce, ban huce ba. Ina jin haushin Kudzanai, ina jin haushin bencin nan, ita ma ina jin haushinta.

Filin makarantar bai da nisa da garejin, duk ranar yanka ina jin taraktar. Kwanan nan ta fara wata 'yar ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, bawul ne ke neman a daidaita shi. Daga nan inda nake zaune na gane, aikin da zan gama kafin shayi ya huce. Amma ba za ta iya kawo mini ba, ni ma ba zan iya zuwa ba, don duk gari ya san Gwatidzo bai iya wannan injin ba. Sai in juya wa filin baya in ƙara muryar rediyo.